Daga Kwangila zuwa Kumasi: jagora ga mai son aikin sa kai a gidan renon yara

Tun da na dawo daga Ghana ba na yin mako biyu ban samu wadda ta tsare ni ba, ko a makarantar da nake koyarwa a Tudun Wadar Zariya ko a gidan biki, tana cewa, "Anti, ni ma fa ina son in je waje in taimaki marayu, ta ina zan fara?" Yawancinsu ɗalibai ne na Samaru da Kongo, wasu kuma sun gama hidimar ƙasa suna zaman jiran aiki. Amsar ta fi ƙarfin a ba da ita a tsaye a bakin ƙofa, shi ya sa na zauna na rubuta. Kusan wata uku na yi ina aikin sa kai a wani gidan renon yara a bayan garin Kumasi, ina kwana wajen gwaggona a unguwar Aboabo. Da mace nake magana domin mata ne suka fi tambayata, amma namiji ma zai tsinci nasa a ciki.

Da farko, ki san su wane ne yaran

Muna cewa "gidan marayu", sai zuciya ta nuna mana yaron da ba shi da kowa a duniya. Da wannan tunanin na tafi. A makon farko da aka bar ni na taya shugabar gidan jera fayil, sai na ga yawancin yaran akwai sunan uwa ko uba ko kaka a takardunsu, wasu har da unguwa. Wani uwarsa ta rasu wajen haihuwa, uban ya rasa yadda zai yi da jariri. Wata tana da larurar ƙafa, dangi suka gaza. Wasu kuwa talauci ne tsagwaronsa: a gidan ana ci sau uku, ana biyan kuɗin makaranta.

Ba gidan da na je kaɗai ba ne. Ƙungiyar Save the Children ta fitar da rahoto a 2009 cewa aƙalla huɗu cikin biyar na yaran da ke irin waɗannan gidaje a duniya suna da uwa ko uba a raye. A Romaniya, wani bincike da aka fara a 2000 a birnin Bukares ya bi yaran gidajen reno shekara da shekaru, ya gano waɗanda aka ba wasu iyalai riƙonsu tun suna ƙanana, musamman kafin su kai shekara biyu, sun fi waɗanda aka bari ci gaba ta fuskar fahimta da shaƙuwa da mutane. Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ƙa'idojin kula da yaran da ba sa hannun iyayensu a 2009, ta sake jaddadawa a Disambar 2019 cewa iyali ne wurin yaro, gidan reno mafita ce ta ƙarshe kuma ta ɗan lokaci. Ita kanta Ghana tun 2007 ta fara shirin gyara wannan fanni, da nufin rage yawan yara a gidajen da mayar da su wajen danginsu.

Mu Hausawa wannan ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Riƙo muka gada: uwa ta rasu, gwaggo ko inna ko kaka ta ɗauka, yaro ya tashi ya san tsatsonsa. Kafala da Musulunci ya zo da ita ma an ambace ta da sunanta a sashe na 20 na yarjejeniyar haƙƙin yara ta 1989. To ki riƙe wannan tun kafin ki nemi fasfo: gidan kirki shi ne wanda yake ƙoƙarin ganin yaransa sun ragu, kuma aikinki a can ki zama ƙarin hannu ga matan da suke renon, waɗanda za su ci gaba da zama bayan kin tafi.

Ki gwada kanki a Zariya

Kafin ki kashe kuɗin mota zuwa wata ƙasa, ki ware Asabar ɗin wata uku ki ba yaran garinku. Ki je ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma ki tambayi inda ake buƙatar hannu, ko ki nemi wata bazawara a unguwarku da take fama da yara biyar, ki riƙa zuwa kina taya ta wanki da duba aikin makaranta. Idan kika ga Asabar ta huɗu ta zo kin fara neman uzuri, kin samu amsarki ba tare da kin ƙetare boda ba, kuma babu abin kunya a ciki. Idan kuwa kin ɗore, kin samu mutumin da zai rubuta miki takardar shaida da gaskiya.

A wannan lokacin ne kuma za ki tambayi kanki me za ki kai musu. Tausayi kowa yana da shi. Koyarwa, jinya, gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi, ɗinki, lissafin kuɗi, iya kwamfuta, maganar kurame, waɗannan su ake nema. Ni abin da na tafi da shi koyar da karatun farko ne, sai kuma Hausa, wadda ban ma lissafa ta cikin kayan aiki ba sai da na je.

Zaɓen gida

A nan aka fi yin kuskure, don haka zan daɗe a kai. Akwai gidajen da aka buɗe don yara, akwai waɗanda aka tara yara a ciki don baƙi masu kawo kuɗi. Abin ya yi ƙamari a duniya har Ostireliya, lokacin da ta kafa dokarta ta yaƙi da bautar zamani a 2018, ta lissafa safarar yara zuwa gidajen marayu cikin nau'o'in bautarwa. Kada kyakkyawar niyyarki ta zama jarin wani.

A Ghana Sashen Jin Daɗin Jama'a na gwamnati shi ke ba gidajen reno lasisi, ƙarƙashin dokar yara ta 1998. Gwamnati tana da nata gidajen, kamar na Osu a Akara, da na Kumasi, da na Tamale, sauran kuwa na coci-coci ne da ƙungiyoyi da ɗaiɗaikun mutane. Duk wanda za ki je, ki rubuta musu ki nemi hoton lasisinsu, sannan ki sa wani naki da ke can ya taka da ƙafarsa zuwa ofishin sashen na gundumar ya tabbatar. Ni ɗan gwaggona ne ya yi mini wannan.

Sai ki yi musu tambayoyi, ki kuma lura da yadda suke amsawa. Yara nawa, masu reno nawa, kuma shekara nawa masu renon suka yi a gidan? Yara nawa aka mayar wa danginsu bara? Iyaye suna zuwa ziyara? Akwai rubutacciyar dokar kare yara da kowane ma'aikaci ke sa wa hannu? Wane aiki takamaimai za a ba ni? Idan ana biyan kuɗi, na mene ne, kuma za a ba ni rasit?

Ki kuma lura da abin da su suke tambayarki. Gidan da ya ce ki zo gobe ma, bai nemi takardar 'yan sanda ba, bai nemi shaidar kowa a kanki ba, to haka yake buɗe ƙofa ga kowa, har da mugu. Gidan da shafinsa na Facebook cike yake da fuskokin yara da labarin yadda aka tsince su, ko wanda yara ke rawa da waƙa duk sanda baƙo ya zo, ki nisance shi. Wanda na je sai da suka yi mini tambayoyi ta waya sau biyu, suka kira shugaban makarantarmu, suka ce ba sa karɓar wanda zai yi ƙasa da wata biyu. A lokacin na ga kamar sun tsananta. Daga baya na gane wannan tsananin shi ne alamar gida ne na gaske.

Ki tambayi zancen addini tun yanzu, ba sai kin je ba: lokacin salla, hijabi, da abin da ake dafawa. Gidan da na yi aiki na Kiristoci ne, sun ba ni wuri a ɗakin ajiya ina salla, ranar da aka dafa abin da ba na ci kuma sai a gaya mini tun da safe.

Takardu da hanya

Yardar iyaye ko miji ita ce takarda ta farko, kuma ba a samunta da fushi. Baba bai amince ba sai da aka tsayar cewa yayana zai raka ni har Kumasi, kuma a gidan gwaggo zan zauna. In kina da dangi a Zango, wato unguwar Hausawa, a Kumasi ko Nima ta Akara ko Tamale, rabin wahalarki ta ƙare. Kakanninmu sun daɗe suna bin wannan hanya tun zamanin fataucin goro zuwa Gwanja da kasuwar Salaga, da wuya gidan Zazzau ya bincika ya rasa wani nasa a can.

Sauran takardun: fasfo da bai kusa ƙarewa ba, katin allurar rigakafin shawara, wanda jami'an lafiya na tashoshin shiga ƙasa ke bayarwa, kuma ba ya fara aiki sai kwana 10 bayan allurar, don haka kada ki bari sai ana gobe tafiya, takardar shaidar hali daga 'yan sanda, da wasiƙar gayyata daga gidan mai ɗauke da adireshi da lambar waya. Ɗan Najeriya yana shiga Ghana ba biza ya zauna har kwana 90 a ƙarƙashin yarjejeniyar ECOWAS. Ki duba hatimin da aka buga miki a boda ki ƙirga kwanakinki da kanki, kuma ki sa gidan su tuntuɓi hukumar shige da fice ta Ghana a kan matsayinki na mai aikin sa kai, musamman in za ki wuce haka.

Ta mota, daga Kwangila za ki kama ta Legas, daga can a ƙetare boda uku: Seme zuwa Benin, Hilakonji zuwa Togo, Aflawo zuwa Ghana. Daga Akara zuwa Kumasi kusan kilomita 250 ne. Ki riƙe 'yan kuɗin sefa na hanya, kuɗin Ghana kuma, wato sidi, sai kin shiga ƙasar. Agogonsu yana bayan namu da awa ɗaya. Mai hali ya hau jirgi daga Abuja ko Legas. Kaya kuwa kaɗan: atamfa mai jure wanki, hijabin da ba ya jan ƙasa, takalmin roba, gidan sauro, tocila, da littafin rubutu mai kauri. Kada ki ciko jaka da alawa da kayan wasa. Abin da gidan ke buƙata za ki saya a kasuwar Kejetiya bayan kin tambaya.

Makon farko: ido da kunne

Baƙo raɓa ne, ki shiga da sanin haka. Makon farko kada ki gyara wa kowa komai. Ki koyi sunayen masu reno kafin na yara, ki gaishe su ɗaya bayan ɗaya kowace safiya. A Kumasi yaren Tiwi ake yi. "Maakye" da safe da "medaase" in an yi miki alheri sun buɗe mini ƙofofin da Turanci bai buɗe ba. Babbar mai renon, wadda kowa ke kira Mama, ta fi shekara goma a gidan. Ta san kukan kowane yaro daga ɗaki na uku. Digirinki ba ya ba ki wannan.

Hausar Zango ma za ki saba da ita. Sukan ce "ya zo" ko da mace ake nufi, kuma akwai kalmomin Tiwi da Turanci a ciki. Kada ki yi dariya, kada ki gyara musu.

Yadda yini yake tafiya

Nakan yi asuba a gidan gwaggo, in kama ƙaramar bas ɗin da suke kira tirotiro, ƙarfe shida ta same ni a ƙofar gidan. Lokacin masu kwana da yara sun riga sun ɗora ruwan zafi.

Aikin farko shimfiɗa. A gida mai yara da yawa kullum akwai masu fitsarin kwance, har da 'yan shekara tara da goma, kuma yawanci damuwa ce ke kawo shi. Yadda Mama ta koya mini: ki yaye zanen gadon ba tare da kin kalli yaron ba, ba tare da kin ambaci sunansa ba, ki haɗa da sauran wanki, ki fitar da katifar rana. Yaron da aka kunyata a gaban 'yan'uwansa gobe ma zai yi, kuma zai fara ɓoyewa.

Wanka masu reno ne ke yi, kuma daidai ne a bar musu. Ni nawa miƙa tawul, shafa mai, neman takalmi ɗaya da ya ɓata, ɗaure igiyar yunifom. Kowane yaro da tawul ɗinsa da soso da matajinsa, an rubuta suna. In aka bari suka cakuɗe, makero da ƙazwa da kwarkwata sai su zagaye ɗaki cikin mako guda. Wannan lokacin shafa man shi ne na duba jiki: ƙurji, kumburi, zafin goshi, ciwon da yaro bai faɗa ba.

Karin kumallo zai sa ki ji kamar kina gida, domin koko da ƙosai ne, har sunansa a can kokon Hausa. Da rana wake da shinkafa da suke kira wace, ko banku, ko tuwon zafi da miyar ayoyo. Wajen ciyar da ƙanana ki zauna ƙasa daidai tsayinsu, ki ba yaro lokaci. Za ki ga mai cusa abinci da sauri kamar za a ƙwace, za ki ga mai ɓoye burodi a aljihu ko ƙarƙashin matashi. Kada ki ƙwace, kada ki kira shi ɓarawo. Yaro ne da ya taɓa kwana da yunwa. Ki gaya wa mai renonsa a keɓe. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne mai shiru, wanda ba ya kuka ba ya roƙo, domin a cikin hayaniya shi ake mantawa. Na mayar da shi al'ada in ƙirga kwanukan da suka dawo da saura, in rubuta na wane ne.

Bakwai da rabi 'yan makaranta sun fita. Daga nan har azahar aikin da ba a ɗaukar hotonsa ne: wankin da ba ya ƙarewa, shanya, wanke fo, goge ƙasa da ruwan bilic, tsince wake, yankan kuɓewa. A nan ne amfaninki yake. Duk bokitin wankin da kika ɗauke wa mai reno, kin ba ta rabin awa ta zauna ta rungumi jaririn da ita ya sani, ta yi masa wasa, ta yi masa magana. Da farko na so a ce ni ce mai rungumar, ita ce mai wankin. Sai da na yi kuskuren da zan faɗa a gaba na gane an juya lissafin.

Bayan la'asar nake zama da 'yan aji ɗaya zuwa uku. Ba na wuce minti ashirin da rukuni ɗaya, yara huɗu ko biyar, da marafan kwalba don ƙirga da haruffan da na yanka daga kwali. Ki bi manhajar makarantarsu, kada ki ƙirƙiro taki. Ki sa wata ma'aikaciya ta riƙa zama tare da ke, kuma ki rubuta inda kowane yaro ya tsaya: wane harafi ya sani, wanne yake juyawa. Darasin da ya dogara da ke kaɗai ranar tafiyarki zai mutu.

Kafin magariba a ci abinci, a sake wanka, a saki gidan sauro a soke gefensa ƙarƙashin katifa, a duba ko ya yage. Ni a nan nake sallama. Sai na koma gida nake buɗe littafina in rubuta abin da na gani, ba da cikakken sunan yaro ba. Ki ware rana ɗaya a mako ki huta da gaske. Ni Juma'a na zaɓa, in yi kitso, in zauna da gwaggo, in kira gida. Wata na biyu gajiya da kewa sukan sauko tare, kuma mai gajiya ita ce mai yi wa yaro tsawa.

Lafiya: abin da ya kamata ki iya da ka

Ke ba likita ba ce, kada ki ba yaro magani daga jakarki, ko da farasitamol ne, sai da sanin mai kula da lafiyar gidan, kuma a rubuta. Amma akwai abin da bai kamata ki jira a koya miki a can ba. Gudawa: ruwan gishiri da sukari, in babu na leda, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, wato ledar fiyawota biyu, da cokalin shayi shida na sukari a shafe da rabin cokalin shayi na gishiri, abin da ya kwana ya wuni a zubar a sake. Ana haɗawa da ƙwayar zinc na kwana 10 zuwa 14, kuma ba a daina ba yaro abinci. Zazzaɓi: a yi gwajin maleriya kafin magani. Tamowa: tef ɗin auna dantse, ga yaro daga wata shida zuwa shekara biyar, in ya nuna ƙasa da santimita 11.5 ja ne, asibiti kai tsaye.

Alamun da ba a jira gari ya waye a kansu: yaro ya kasa sha ko tsotso, yana amayar da komai, jijjiga, barcin da ba a iya tashinsa, haƙarƙari na shiga ciki in yana numfashi. Ki ƙirga numfashin minti guda cur: 50 ko fiye ga ɗan wata 2 zuwa shekara ɗaya, 40 ko fiye ga ɗan shekara ɗaya zuwa biyar, ya yi sauri. Jaririn da bai kai wata biyu ba kuwa kowane zazzaɓi na asibiti ne. Tun ranar farko ki tambayi wane asibiti ake kai yara da dare, kuma lambar wane direba ake kira.

Iyakokin da ba a ƙetarewa

Kada ki keɓe da yaro a ɗaki a rufe. Kada ki fita da shi ko da bakin titi ne sai da izini. Babu duka, babu zagi, ko da a gidanku haka aka rene ki. In yaro ya gagare ki, ki kira mai renonsa. Kada ki tambayi yaro labarin iyayensa. In shi ya fara, ki saurara, kada ki yi alkawarin ɓoyewa, kuma in abin da ya faɗa ya shafi cutarwa ki kai wa jami'in da dokar gidan ta ambata a ranar, a rubuce. In ba a ɗauki mataki ba, ofishin jin daɗin jama'a na gunduma yana nan.

Hoto: ki bar wayarki a jaka. Ki tambayi kanki, da ƙaninki ne, za ki yarda baƙuwa ta sa fuskarsa a WhatsApp da rubutun "maraya" a ƙasa? Ayar Suratud Duha da ta hana ƙasƙantar da maraya ba duka da tsawa kaɗai take nufi a fahimtata ba. Kyauta kuma ta bi ta ofis, a raba wa kowa. Addini: kada ki yi wa yaran mutane wa'azi a ɓoye. Akwai yara Musulmi uku a gidan, na nemi izinin shugaba a fili, ta yarda muna karatun Fatiha da gajerun surori a baranda inda kowa ke gani.

Yanzu kuskuren. Akwai wani yaro ɗan shekara uku da tun ranar farko ya kama gefen zanena. Irin waɗannan yara sukan ruga wa kowane baƙo, sai baƙon ya ji daɗi ya ɗauka ƙauna ce ta musamman, alhali alama ce ta yaron da hannaye suka yi wa yawa bai samu guda da zai riƙe ba. Na riƙa goya shi, ina ba shi abinci a baki, ya fara ƙin zuwa wajen mai renonsa. Ranar Juma'ar da ban zo ba ya wuni a bakin ƙofa bai ci komai ba. Washegari Mama ta kira ni bayan kicin ta ce, "'Yata, ke da tikitin komawa kika zo. Shi fa?" Ban iya ce mata komai ba. Daga ranar, in ya zo wajena sai in riƙe hannunsa mu tafi wajen mai renonsa tare, in zauna kusa ina tsince wake, ita ta goya. Ya ɗauki kusan mako uku kafin ya daina waiwayena. Ya yi mini ciwo ƙwarai, kuma har yau ina ganin nauyin wannan wunin da ya yi da yunwa a wuyana yake.

Inda Hausa ta yi aiki

Jami'ar jin daɗin jama'a da ke bibiyar gidan ba ta jin Hausa, ga kuma wata yarinya 'yar shekara bakwai da fayil ɗinta ya nuna kakarta tana Zango. Aka ce in raka ta in yi tafinta. In aka ba ki irin wannan aiki, ki faɗi abin da aka faɗa kawai, kada ki ƙara kada ki rage, kada ki yi alkawari da bakin hukuma, kuma abin da kika ji a ɗakin ya tsaya a ɗakin.

Mun sami tsohuwar tana sayar da goro a ƙofar gida. Na durƙusa na gaishe ta yadda ake gaida kaka a Zazzau, ta riƙe hannuna ta tambaye ni 'yar wane gida ce. Ashe ita a zatonta tun da ta sa hannu a takarda, yarinyar ta zama ta gwamnati, ba ta da ikon ko zuwa ganinta. Babu wanda ya taɓa yi mata bayani da harshen da take ji. Sau huɗu muka koma. Aka fara da ziyara, sai kwana ɗaya, sai ƙarshen mako, gidan kuma ya ɗauki nauyin kuɗin makaranta ya ƙara wa tsohuwar jari. Kafin in taho yarinyar ta koma ɗakin kakarta.

Tafiya

Ki sanar da ranar tafiyarki tun saura mako biyu, ki faɗa wa yaran a fili tare da masu renonsu. Kada ki sulale da asuba don gudun kuka; da yawansu haka aka tafi aka bar su. Kada ki ce "zan dawo" in ba ki da tabbas, kada ki ba yaro lambar wayarki. A makon ƙarshe ki riƙa ja da baya: wadda take zama da ke a darasi ita ta koyar, ke ki zauna a baya. In kina son ci gaba da taimako daga Zariya, ki tambayi ofis ko akwai asusun tallafa wa iyalan da aka mayar wa yaransu, ki sa a nan, ki nemi rasit.

Ranar ƙarshe na miƙa wa shugaba littafin darasi da kwalin haruffa, na bi masu reno ɗaya bayan ɗaya na nemi gafara. Mama ta ƙulla mini gari da yaji a leda ta ce in kai wa mahaifiyata. Yaron nan yana bayan mai renonsa, ya ɗago hannu ya yi mini bai-bai, ya mayar da kansa ya kwantar. Yayana yana jirana a tasha, motar Akara ta ƙarfe tara muka hau.